A karanta faifai kafin a ɗaura shi

Idan watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, rumfunan masu walda na Dungas ba sa rabuwa da jama'a. Wannan ya kawo galmar shanu wadda bakinta ya cinye. Wancan ya jawo amalanke da ƙarfenta ya tsage. Wani kuma fartanya ce da gatari yake so a wasa masa. Kowa sauri yake yi, don ruwan shuka ba ya jiran kowa.

A cikin rumfar akwai wani ɗan inji da ya fi kowane kayan aiki ƙara. Da hannu ake riƙe shi. A bakinsa akwai faifai mai juyawa. Idan faifan ya taɓa ƙarfe, sai tartsatsi ya yi ta zuba kamar ana sheƙar hatsi. Ƙarfen da a da sai an yi rabin yini ana goga shi da zarto, yanzu kafin a sha ruwa an raba shi biyu.

Injin yana da amfani ƙwarai. Amma faifan nan da ke bakinsa yana fashewa. Idan ya fashe, ba ya tambayar wane ne mai walda, wane ne mai amalanke, wane ne yaron da ya tsaya kallo. Shi ya sa maganar ta shafi manomi da makiyayi, ko da ba su taɓa riƙe injin ba.

Yadda ƙarfe ya yawaita a ƙauye

Kakanni sun san maƙeri da zugazugi da uwar maƙera. Da wuta da guduma yake yanka ƙarfe. A shekarun 1970 ne noman shanu ya bazu sosai a wannan yanki, lokacin shirin 3M na Mirya, Magarya da Matamai. Masana'antar UCOMA ta Damagaram ta ƙera galmuna da amalanke. Daga baya masu walda na garuruwa suka koyi ƙera su da gyaransu. Sai ga ƙofofin ƙarfe, ga gadaje, ga bututun rijiyar lambu a fadamun Korama. Duk waɗannan sai an yanka, sai an goge.

Shi kuwa injin, a ƙasar Jamus aka fito da irinsa mai saurin gudu a shekarar 1954. Yau ya kai ko'ina. Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011, bayan an cire ta daga Magarya, kuma tana dab da iyaka. Kaya suna shigowa daga Damagaram, suna shigowa daga Kano ta Maigatari, inda kasuwa ke ci ranar Alhamis. Faifai iri-iri ne ke zuwa. Akwai nagari, akwai na banza, kuma a ido duk baƙaƙe ne masu rami a tsakiya.

Da me aka yi faifai

Mutane da yawa suna zaton ƙarfe ne. Ba ƙarfe ba ne. Wani irin yashi ne mai tsananin tauri, aka cuɗa shi da ƙaro na masana'anta, aka shimfiɗa raga ta zaren gilashi a ciki, sannan aka gasa. Yashin ne ke cin ƙarfe. Ƙaron ne ke riƙe yashin. Ragar kuma ita ce ke hana faifan tarwatsewa. Idan aka ɗaga faifai aka duba shi a rana, ana ganin zanen ragar kamar saƙar tabarma.

Abin da aka haɗa da ƙaro yana tsufa. Danshin damina yana raunana shi. Zafin rana ma haka. Idan ya faɗi ƙasa yana iya tsagewa ta ciki, ido bai gani ba.

Ga kuma gudun da yake yi. Ƙaramin inji yana juya faifai wajen sau 11,000 a minti ɗaya. Bakin faifan yana gudun kusan kilomita 240 a awa. Babu motar da ke wannan gudu a hanyar Magarya. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gona da majajjawa ya san abin da ke faruwa idan igiya ta kuɓuce. Dutsen tafiya yake yi kai tsaye. Ɓallin faifai ma haka yake tafiya, sai dai ya fi dutsen majajjawa gudu nesa ba kusa ba.

Lambobin da ke jikinsa

Kowane faifan kirki yana da takarda manne a fuskarsa. Rubutun na Turanci ne ko Faransanci ko na Sin. Amma lambobin ɗaya ne da waɗanda ake koya a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karanta lamba ya iya karanta faifai.

Lamba ta farko ta girma ce. Ana rubuta ta kamar haka: 115 x 1,6 x 22,23. Wato faɗinsa milimita 115, kaurinsa milimita ɗaya da rabi da ɗan ɗori, ramin tsakiya kuma milimita 22. Ƴan kasuwar Kano da inci suke kira. Faifan 115 shi ne inci 4 da rabi. Na 125 inci 5 ne. Na 180 inci 7. Na 230 inci 9. Akwai kuma ƙananan injuna masu ɗaukar faifan inci 4, waɗanda raminsu milimita 16 ne. Ramin faifai dole ya zauna daidai a kan injin. Idan ya yi faɗi, faifan zai yi ta rawa. Kada a cike giɓin da waya ko roba. Idan ya yi kaɗan, kada a faɗaɗa shi da zarto.

Lamba ta biyu ita ce mafi girma duka. Ita ce iyakar gudun da faifan zai iya jurewa. Kusa da ita ana rubuta RPM, ko tr/min, ko min-1. Duk ma'anarsu ɗaya: juyi nawa a minti. Faifan 115 yana ɗauke da 13,300. Na 125 wajen 12,200. Na 180 yana da 8,500. Na 230 kuwa wajen 6,600 kawai. A lura: gwargwadon girman faifai, gwargwadon ƙarancin gudun da yake ɗauka.

Shi ma injin yana da tasa lambar, a wata ƴar takarda ko ɗan ƙarfe da ke gefensa. Sai a haɗa biyun a duba. Lambar faifai ta fi ta inji, ko su zama daidai. Idan ta inji ce ta fi, wannan faifai ba na wannan inji ba ne. Doka ke nan, kuma ba ta da sai dai.

A nan ne ake yawan yin kuskure. A ce mai ƙaramin inji yana da bututu mai kauri, faifansa ba ya kaiwa ciki. Sai ya ga babban faifai na inci 9. Ba ya shiga, don garkuwar injin ta tare shi. Sai ya kwance garkuwar ya ajiye. Ya yi ɓarna biyu a lokaci guda. Faifan da aka yi don juyi 6,600 yanzu yana juyi 11,000. Ƙarfin da ke jan sa ya rabe ba kaɗan ya ƙaru ba, ya kusa ninkawa sau uku. Kuma abin da zai tare ɓallin ga shi can a ƙasa.

Wasu kuma suna tara ragowar manyan faifai da suka cinye, su ɗaura wa ƙaramin inji, wai tattali. Lambar da ke jikin ragowar ba ta sake ba. Ga shi ya riga ya sha wahala, ya sha zafi. Kuɗin faifai sabo bai kai kuɗin mota zuwa asibitin Damagaram ba.

Lamba ta uku ba a takarda take ba. Tana kan zoben ƙarfen da ke kewaye da ramin. Sai an matso da ido. Za a ga abu kamar V 04/2027. Wannan misali ne. Lambar farko wata ce, ta biyu shekara. Daga nan faifan ya tashi aiki, ko da ba a taɓa ɗaura shi ba. Masana'antu suna ba shi shekara 3 daga ranar da aka yi shi. Kamar magani ne ko maganin feshi: yana da ranar mutuwa. Faifai kan daɗe a hanya, ya daɗe a kanti, ya daɗe a tebur ɗin ɗan kasuwa yana shan rana. Mai saye ya duba.

Akwai wasu alamu masu taimako. Jan layi da ya ratsa takardar yana nufin mita 80 a daƙiƙa, wato gudun da aka saba da shi ga injin hannu. Harufan BF suna nufin akwai raga a ciki. EN 12413 lambar dokar Turai ce ta ingancin irin waɗannan faifai. Tambarin oSa na wata ƙungiyar masana'antu ce da aka kafa a shekarar 2000 don tsare ingancinsu. Gaskiya ne maƙaryaci ma yana iya buga tambari. Amma faifan da ba shi da lambar gudu ko kaɗan, wannan ya riga ya faɗi halinsa. A bar wa mai shi.

Kada a lanƙwasa faifai da hannu don a gwada ƙarfinsa. Gwajin ne ke tsaga shi. A duba bakinsa kawai: ba ɓalli, ba tsaga, ba karkata.

Na yanka daban, na wasawa daban

Faifan yanka siriri ne, daga milimita 1 zuwa 3. Da bakinsa kaɗai yake aiki, a tsaye cak a kan ƙarfe. Faifan guga mai kauri ne, wajen milimita 6. Shi ne aka yi don a kwantar da shi a goge walda ko a wasa baki.

Manomi ya riƙe wannan da kyau, don shi ne mai kawo gatari da adda da fartanya. Idan ya ga za a wasa masa kaya da gefen faifai siriri, ya ce a dakata. Gefen faifan nan shi ne inda ragar take. Idan aka goge ta, babu sauran abin da ke riƙe shi. Ga shi ana danna shi ta inda ba shi da ƙarfi.

Ko da faifai mai kauri ne, wasa gatari yana son haƙuri. Idan bakin ƙarfe ya yi zafi har ya koma shuɗi, ya yi laushi ke nan. Taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi, kuma zai dakushe tun kafin a gama kunya goma. A goga kaɗan, a tsoma a ruwa, a sake gogawa. Lauje da wuƙa kuwa, dutsen wasa na gida ya fi musu.

Faifan ƙarfe na ƙarfe ne. Yawanci akwai harafin A a jerin rubutunsa. Na dutse da siminti yana da harafin C, ko ya zama na ƙarfe zalla mai ɓarɓashin daimon a baki. Sau da yawa akwai hoton abin da yake yankawa. Abu ɗaya ne ba a ɗaura wa wannan inji ko da wasa: faifan zarto mai haƙora na yankan katako. Haƙoran suna kama itace, injin ya yi tsalle ya dawo kan mai shi. Ya cire wa mutane yatsu a ƙasashe da yawa.

Ƙanensa mai kamar alƙalami

Akwai wani inji da ya fi wannan ƙanƙanta. Ana riƙe shi kamar alƙalami ko tocila. Masu gyaran salula da rediyo da maƙeran azurfa suna amfani da shi, wajen yanke ƴar kusa ko gyara ɗan ƙarfe. Wanda ya fi suna shi ne Dremel, sunan mutumin da ya kafa kamfanin a garin Racine na Amurka a shekarar 1932. Yanzu akwai irinsa da yawa, wasu da batir suke aiki.

Ƙanƙantarsa tana ruɗin mutane. Yana kai juyi 35,000 a minti. Faifansa mai faɗin milimita 38, idan injin yana iyakar gudu, bakinsa yana yin wajen kilomita 250 a awa. Daidai da na mai walda ke nan. Kuma mai aikin yana sunkuyar da fuska dab da shi.

Faifansa iri biyu ne. Akwai sirara ƙwarai marasa raga, masu faɗin wajen milimita 24. Suna yanka da kyau, amma da hannu ya ɗan karkata sai su fashe kamar ƙwai. Akwai masu raga, na milimita 32 ko 38. Su ne suka fi dacewa da kusa da noti da waya mai kauri. Ana ɗaura faifan a kan wani ɗan tsinken ƙarfe da ƴar kusa mai zare. A matse ta daidai, kada a wuce, don matsi yana tsaga tsakiyar faifan. Tsinken da ya lanƙwashe a jefar. Dokar lamba ma tana nan: a duba ta a kwalin.

Lokacin aiki

Kafin a canja faifai, a zare wayar wuta ko a cire batir. Kashe maɓalli bai isa ba. A ɗaure notin da makullinsa, ba da ƙusa da guduma ba. A juya garkuwa ta tsaya tsakanin faifai da mai aiki. Sannan a tayar da injin a bar shi ya yi gudu minti ɗaya ba tare da ya taɓa kome ba, bakinsa yana kallon inda babu kowa. Faifai mai ɓoyayyar tsaga yawanci a nan yake tona kansa. Idan injin yana karkarwa fiye da yadda aka sani, a kashe.

Ƙarfen da za a yanka a ɗaure shi ko a matse shi. Ba ƙafa ake dannewa da ita ba, ba kuma yaro ake sa wa ya riƙe ba. A tokare shi yadda idan yankan ya yi nisa, bakin zai buɗe, ba zai rufe ya cije faifan ba. Cizon nan shi ke sa inji ya yi harbi. Ƙarfen amalanke da nauyi ke kansa yana da wannan hali, don haka a sauke kaya, a tokare ta da kututture tukuna.

A riƙe injin da hannu biyu. Kada a danna. Nauyinsa ya isa. Idan faifai ya maƙale, a kashe, a jira ya tsaya, sannan a zare shi. Kada a sake tayar da shi yana cikin tsagar. Idan an gama, kada a ajiye shi yana juyawa.

Tabarau ya zama dole, fari mai kauri mai rufe gefen ido. Baƙin gilashin walda ba ya bari a ga layin yanka. Tabarau na ado kuwa fashewa yake yi ya ƙara ɓarna. Babbar riga da jelar rawani da carbin wuya, duk faifai yana iya naɗe su. A tuɓe ko a ɗaure. Mai yanka siminti ko dutse ya rufe hanci da baki, don ƙurar tana taruwa a huhu, ba ta fita. Mai wannan aiki kullum ya nemi abin toshe kunne, don ƙarar tana cin ji a hankali.

Mai kaya da ƴan kallo

Ɓallin faifai yana bin layin da faifan ke juyawa, gaba da baya. Wanda ya tsaya a wannan layi ya tsaya a bakin bindiga. Mai amalanke ya koma gefe, can nesa. Yara su ne suka fi son kallon tartsatsi, kuma idonsu daidai yake da tsayin aikin. A kore su, ko da za su yi fushi.

A kwance shanu ko jaki daga amalanke kafin a tayar da inji. A ɗaure su nesa. Sa ɗaya da ya firgita ya isa ya jawo amalanke kan mai yanka.

Tartsatsin nan ƙarfe ne mai wuta, kuma yana tafiya taku da yawa. Da rani kome a bushe yake: dangar kara, zana, harawa, rumbu, ga kwalaben fetur a bakin hanya. Wuta tana iya kwanciya a cikin ciyawa ta tashi bayan an watse. A ajiye bokitin ruwa ko yashi kusa. Tano, wato duro, da ya taɓa ɗaukar fetur ko gazuwal, makiyaya suna son a raba shi biyu don shayar da dabbobi. Ko ya yi wata da watanni babu kome a ciki, tururin man yana nan, kuma shi ne ke fashewa. Ba a kai masa faifai sai an buɗe murfinsa, an wanke shi sosai, an cika shi da ruwa. Wanda ya ɗauki maganin feshi kuwa bai dace da shan dabba ba sam.

Idan tsautsayi ya faɗa

Ɗan ƙarfe idan ya shiga ido, kada a murza. A zuba ruwa mai tsabta da yawa. Idan bai fita ba, kada a sa tsinke, ko ashana, ko harshe. A tafi gidan likita a ranar. Ƙarfe yana tsatsa a cikin ido, kwana ɗaya ma ya isa ya bar tabo. Idan babban ɓalli ne ya cake, kada a zare shi. A kifa ƙaramin kofi a kan idon yadda ba zai danne ba, a ɗaure, a kama hanya. Likita zai tura mutum Magarya ko babban asibitin Damagaram idan abin ya fi ƙarfinsa.

Idan yanka ne, a danne da tsumma mai tsabta, a ɗaga wurin sama. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. A tambayi allurar ciwon dahi, wanda ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora.

Bayan aiki, faifan da suka rage a kwantar da su a wuri mai laushin shimfiɗa, cikin akwati, ba a ƙasa mai danshi ba, ba a rana ba, kuma kada a ɗora musu kaya. Wanda ya faɗi ko ya jiƙe a karya shi a binne, don kada wani ya tsince shi.

Saura shara. Inda aka yi yanka, gutsattsarin waya da ƙusa suna zuba cikin rairayi. Saniya ba ta tsince abinci kamar akuya, haɗiyewa take yi da harshe. Waya idan ta shiga, takan tsaya a ƙaramin tumbi, wanda ke dab da zuciya. Daga nan takan huda. Sai a ga saniya ta daina ci, nono ya ragu, ta gantsare baya tana nishi, mai ita yana ta sayen maganin da ba na ciwon ba. Idan a gida aka yi aikin, ko kusa da turke, ko bakin rijiya, a share wurin tas. Tsohon maganaɗisun lasifika da aka ɗaura wa igiya, idan aka ja shi cikin rairayi, yana kwaso abin da tsintsiya ta bari.